Jarkoki Huɗu a Bayan Ƙofa

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Yau kwana tara da 'yata Tsuntsuwa ta koma gidan ƙanwata. Ji abin da na rubuta, wai ta koma. Zuwa ta yi. Nan ne gidansu.

Na tashi na ɗora ruwan wanka na mutum biyu, sai da ya tafasa na tuna ni kaɗai ce. Farin ɓawon nan ya sake kama gindin tukunyar, alhali shekaranjiya na kankare ta har farcena ya karye. Ruwan unguwarmu ke nan. Zartsi gare shi, sabulu ba ya kumfa a cikinsa sai dai ya yi ta yawo kamar dafaffiyar madarar da ta lalace. Kan shawa ya toshe, ƙofa uku kawai ke zubowa, ɗaya ma bango take harbi. Dutsen guga yana tofa farin gari a kan baƙaƙen kaya. Tawul in ya bushe sai ya sandare.

Shekara goma muna zaune da ruwan nan a haka, kuma lafiya lau, saboda jarkoki huɗun da ke bayan ƙofar kicin. Duk Asabar ana cika su a ƙetaren gada, wurin aikin mijina, a kawo a bayan mota. Da su nake yi wa yarinyar wanka tun tana jaririya, yau shekararta takwas. Wata biyu ke nan babu motar, babu mai motar. Ba a kansa na buɗe littafin nan ba.

Sati uku da bushewar jarkokin fatarta ta fara: bayan gwiwa, lanƙwasar hannu, wuya. Susa har jini. Likita ya ce a sha ruwan ba komai, wanka da shi ne fatarta ba ta ɗauka. Ƙanwata tana zaune a gefe, don a motarta muka je, ta yi caraf ta ce ai gidanta akwai injin da ke cire zartsi, babba, mai cin gishiri.

"Yaya, ki ba ni ita sati biyu kawai, ta warke."

Likita ya gyaɗa kai. Aka bar ni riƙe da takardar magani.

Talata, biyar na yamma, a shago

Makarantar su Tsuntsuwa tana bayan shagona, saboda haka kullum ƙarfe huɗu motar ƙanwata tana tsayawa a bakin titi, yarinya ta shigo da gudu. Yau ma haka. Ina tsaka da wanke wa wata kai, ta wuce ni fit zuwa famfon baya, ta cika gorar ruwanta, ta manna mini baki a kumatu, Anti na danna ham, ta fice. Ko minti uku ba ta yi ba.

To, madalla. Ni yanzu wurin ɗiban ruwa ce.

Matar da nake wanke wa kai ta ce yarinyar ta yi fes. Na ce eh. Na murza mata kai fiye da yadda ya kamata, Allah na tuba.

Alhamis, bayan magariba

An tsefe mata kitson da na yi.

Shekara goma sha huɗu ina kitso da wankin kai. Da wannan mugun ruwan nake fama, na san dabararsa, na san sai an yi ɗauraya ta ƙarshe da ruwan lemun tsami kafin gashi ya saki jiki. Mata suna hawo mota biyu su zo wurina. Babu hannun da ya taɓa shiga kan 'yata sai nawa. Yau ta shigo cika gorarta, sai ga kai ya sha wanki, ya sha mai, an yi mata wasu manyan kalaba guda shida.

Na sa hannu na taɓa. Abin da ya ƙona mini rai ke nan, gashin ya yi laushi. Irin laushin da ban taɓa samu a kanta ba. Ta ce Anti ce ta yi da kanta, a waya ta koya, kuma ko kuka ba ta yi ba don mataji wucewa yake yi sumul. Tana faɗa tana murna, tana juya mini kai in gani.

Na ce ya yi kyau. Da ta fita na shiga bayan labule na zauna a kan bokiti.

Kishi nake yi, ba zan ɓoye wa takarda ba. Kishin ƙanwata da na goya a bayana.

Juma'a, azahar

Tsagar kitson ma a karkace take.

Lahadi, takwas na dare

Na je can. Jiya sati biyun ya cika, ba wanda ya ɗaga maganar.

Gidan ƙanwata komai ƙyalli yake yi. Kofunan gilashi kamar ba a taɓa shan ruwa da su ba. Kan famfo kana ganin fuskarka. Na shiga wanke hannu, na taɓa sabulu sau ɗaya, kumfa ta cika mini hannu, na yi ta ɗauraya santsi ya ƙi fita. Na goge da tawul ɗinta, taushi kamar burodi sabon fitowa. Na tsani tawul ɗin nan.

Tsuntsuwa ta naɗe hannun riga ta nuna mini. Ya warke. Wallahi ya warke, sai ɗan duhun tabo. Na yi hamdala, kuma da gaske na yi ta. Na sauke mata hannun rigar.

Ta ja ni in ga ɗakinta. Haka ta ce, ɗakinta. Sabon gado, labule mai hoton tsuntsaye, teburin karatu da fitilarsa. Wanda zai yi sati biyu ba a saya masa tebur.

Ƙanwata shekara bakwai da aure, Allah bai ba ta ba. Na sani. Ni na riƙe ta a asibiti har sau biyu tana kuka a kafaɗata. Shi ya sa na zauna na sha shayin da ta kawo, shayi ja garau, babu wannan fatar da ke taruwa a saman nawa. Ta ce gara a ƙara kwanaki fatar ta yi ƙwari. Na ce to. Tana magana tana gyara wa yarinyar wuyan riga, a gabana.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin jarkokin. Ta san da su. Ta sha ganinsu a bayan ƙofa. Famfonta yana zuba dare da rana, motarta tana wucewa ta ƙofar shagona kullum. Ba ta taɓa cewa, Yaya kawo in cika miki ba. Ni kuma in buɗe baki in roƙi ƙanwata ruwa? Bayan duk abin da dangi suka riga suka gani a kaina wata biyun nan? A'a.

Litinin, goma na safe

Innarmu ta kira. Ta yi ta kewaye-kewaye, ciwon ƙafa, zafin gari, sannan ta sauka inda za ta. Wai tunda ga halin da nake ciki, ga shago, ga ni ni kaɗai, me zai hana in bar wa ƙanwata yarinyar ta ƙare makaranta a can. Wai ai duk ɗaya ne, ciki ɗaya muka fito.

Na ce, "Inna, ita ta sa ki?"

Ta ce Allah ya shirye ni.

Ba ɗaya ba ne. In ɗaya ne me ya sa ba wanda ya ce a kawo mini injin nan gidana?

Litinin, huɗu da kwata

Gora, kumatu, ham.

Laraba, bayan la'asar

Na kira mai gyaran famfo, dattijon nan mai tabarau ɗaure da zare. Na nuna masa wani ɗan matacin ruwa da na gani a kasuwa, mai ƙyalli, wanda ake ɗaurawa a bakin famfo. Ya juya shi, ya leƙa cikinsa, ya yi dariya. Ya ce wannan yashi da tsatsa yake tarewa, zartsi kuwa narkakke ne a cikin ruwan, ratsa shi zai yi kamar ba a sa komai ba. Ya ce in ina son gaskiya sai babban injin, shi kuma sai an fasa bango, kuma mai gidan haya ba zai yarda ba, ya san shi.

Na ce ya ɗaura mini shi haka nan.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "'Yata, ado kike so ko magani?" Na ce ya ɗaura dai. Ya ɗaura ɗaya a banɗaki, ya tafi yana girgiza kai.

Na jiƙa kan shawa a ruwan lemun tsami, na bi ƙofofin da allura ɗaya bayan ɗaya. Na goge tayil har hannuna ya yi fari. Banɗakin ya fito kamar na kirki. Akwai kofin aski da aka bari a kan taga, farin zobe ya zagaye bakinsa. Shi ban taɓa ba.

Alhamis, tara na safe

Na ɗauki hoton famfon na tura wa ƙanwata. Na rubuta mata an sa mana mataci, ruwa ya gyaru, ranar Asabar zan zo ɗaukar Tsuntsuwa, na gode da ɗawainiya.

Ta gani nan take. Sai bayan awa biyu ta amsa: "Alhamdulillahi Yaya."

Zan riƙa tafasa ruwan in bar shi ya kwanta, in kwashi na sama. Ai hakan yana rage shi. Zan ninka man shafawa. Fatar ta riga ta yi ƙwari, ita da bakinta ta faɗa. Ba ƙarya ce gaba ɗaya ba, mataci dai an sa.

Asabar, bakwai na yamma

Tana gida! Ga ta can tana waƙa a kicin tana neman kofinta mai kunne ɗaya.

Ƙanwata ta haɗo mata kaya jaka biyu, har da tawul ɗin nan. Ba ta fito rakiya ba, wai kanta ke ciwo. Na ga idonta. Na yi kamar ban gani ba, kuma in faɗi gaskiya, wani sanyi na ji a raina. Ta ɗanɗana ita ma.

Muna shigowa na zaunar da yarinya tsakanin ƙafafuna na tsefe kalabar nan tas, na yi mata ƙananan kitso, tsaga miƙe kamar an sa ma'auni. Ta yi barci a cinyata kafin in gama gefe ɗaya.

Litinin, shida da rabi na safe

Na tashi tun asuba na tafasa tukunya biyu. Da na yi mata wanka ta tsaya tana kallon abin da ke bakin famfo, ta tara hannu ta kurɓa. Ba ta ce komai ba. Fata lafiya lau.

Laraba, bayan isha'i

Tsuntsuwa ta ce ita za ta riƙa yi wa kanta wanka, ta girma. Ta ce kuma rigar makaranta mai dogon hannu take so, wai ajinsu akwai sanyi. Sanyi a wannan zafin?

Ƙanwata ta kira sau biyu tana tambayar fatar. Na ce ƙalau. Wai in tuna a yanke mata farce. Ni za a koya wa yanke farcen 'yata.

Alhamis, azahar

Tana daɗewa a banɗaki.

Juma'a, biyar na yamma

Bari in rubuta.

Na rufe shago da wuri na dawo in yi wanki. Na juya rigar makarantarta, sai ga cikin hannun duk ɗige-ɗigen jini, wani ya bushe ya yi baƙi, wani sabo. Na ɗaga zanin gadonta, haka. A ƙarƙashin matashi na sami safa guda biyu, ashe su take sa wa hannunta in za ta kwanta don kar ta yage kanta.

Na kira ta na ce ta cire riga. Ta ƙi. Na cire da kaina. Ya fi na farko. Lanƙwasar hannu ta tsage tana ruwa, bayan gwiwa kamar an goga mata dutse.

Na hau ta da faɗa, don ban san inda zan kai abin da ke cina ba. Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba, so take ta kashe ni? Ta sunkuyar da kai ta ce in ta faɗa za a mayar da ita. Na ce ai an sa mataci, wata ƙila wani abin ne daban, wata ƙila sabulun ne.

Ta ce, "Mama, abin nan ba ya aiki. Tun ranar Litinin na sani, na sha na ji. Ruwanmu ne, bai canja ba."

Na ce, kuma kika yi shiru?

Ta ce, "Ban gaya wa Anti ba. Ba zan gaya mata ba, Mama, kar ki damu."

Yarinya 'yar shekara takwas tana rufa mini asiri da fatar jikinta. Na zauna a ƙasa, a nan cikin kayan wanki. Ita ce ma ta dafa ni tana cewa ba ya yi mata zafi sosai.

Asabar, bayan magariba

Da sassafe na jawo jarkokin daga bayan ƙofa. Ƙura da yanar gizo-gizo, ɗaya ma an rubuta ranar da aka saye ta da rubutun da na sani. Na wanke su, na zura igiya a hannayensu, na rataya biyu a kowace kafaɗa, na kama hannun Tsuntsuwa. A motar haya sai ƙwanƙwasa gwiwoyin mutane suke yi, wani ya ce ko gobara za mu kashe. Ban kula shi ba.

Ƙanwata ta buɗe ƙofa ta dubi jarkokin, ta dubi hannun yarinyar. Ta kai ta banɗaki ta tara mata ruwa mai ɗumi, ta fito ta same ni a kicin. Na shirya ta wanke ni tas, na cancanta. Na riga ta, na ce matacin na banza ne, kuma na san na banza ne tun kafin a ɗaura shi.

Ta ce ita ma ta sani. Mijinta ya ga hoton ya gaya mata tun a ranar. Ta yi shiru ne don in ta yi magana za a ce ba ta son mayar da 'yar mutane, kuma a ranta ta ce bari fatar ta tashi, ai dole a dawo mata da ita. Tana faɗa tana kuka.

Na ce, "Kin san da jarkokin nan. Me ya hana ki ce in kawo?"

Ta ce, "Ke me ya hana ki tambaya, Yaya?"

Muka tsaya muna kallon juna, manyan banza biyu, yarinya tana can tana jiƙa gyambon da muka haɗu muka yi mata.

Sai ta buɗe firij ta ɗauko wata tsohuwar gora, wadda Tsuntsuwa ta manta ranar da muka tafi. Farin zobe ya kama cikinta, da ɗan ragowar ruwa a ƙasa. Ta ajiye a gabana.

"Kwana ashirin da ɗaya ta yi a gidan nan, ko sau ɗaya ba ta sha ruwana ba. Ta ce ba shi da ɗanɗano. Na shagonki take ɗebowa. Ranar Juma'a sai ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan don ya kai ta Litinin. Na saya mata gado, na saya mata tebur, na koyi kitso, amma kofi ɗaya na ruwa ta ƙi karɓa a hannuna. Ke kike kishina?"

Gora, kumatu, ham. Ni ina can ina cewa an mayar da ni famfo.

Na ɗauki jarka ta farko na kafa a bakin famfonta, ita ta riƙe mini mazurari.

Lahadi, huɗu na yamma

Jiya ƙanwata ce ta kawo mu a mota, mu biyu muka yi ta ciccibar jarkokin zuwa bayan ƙofa, muna haki. Sun fi yadda nake zato nauyi. Shekara goma ban taɓa ɗaga ko ɗaya ba, ban ma taɓa tambaya ba. Wannan maganar wata rana ce.

Yau ta dawo da man da likita ya rubuta. Ta zauna a kujerar kicin tana kallon tukunyata mai farin gindi, ta ce in ba ta ruwa. Na nufi jarka, ta ce a'a, na famfo. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska kamar ta sha magani, Tsuntsuwa tana ta ƙyalƙyala mata dariya. Amma ta shanye.

Har yanzu in yarinyar ta jingina da ita sai na ji kishin ya motsa. Ban warke ba, kar in yi wa kaina ƙarya.

Da za ta tafi ta fito da tsohuwar gorar nan daga jaka, ta tsaya a bakin famfona tana cikawa, ba ta dube ni ba. Ta ce za ta sa a firij ne kawai, ko da wata rana.

Na ce, "Juma'a za ta zo ta kwana, ki dawo mini da ita Asabar tare da jarkokin."

Ta gyaɗa kai, ruwa yana ambaliya a kan hannunta ba ta rufe famfon ba.

Na ce, "Amma kanta, kar ki sake ki taɓa."